Shanu Sun Ci Jirgin Kyaftin

Shanu sun ci jirgin Kyaftin. Wannan ba habaici ba ne, ba kuma karin magana ba. Shanu ne masu ƙaho da kofato, na mai gidan madarar da ke maƙwabtaka da filin ƙananan jirage. Sun bi ta inda shingen waya ya kwanta tun bara, suka tarar da jirgin a ɗaure a waje inda kwamitin filin ya yasar da shi, suka cinye fiffiken hagu har haƙarƙari, suka ɗanɗana na dama, suka yi kashi a gindin farfela, suka koma gida suna tuƙa. Kwamitin kuwa har yau ko sannu bai ce ba.

Za a ce yaya saniya za ta ci ƙarfe. To, ba ƙarfe ba ne. Jirgin Kyaftin irin tsofaffin nan ne masu kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ƙashinsa bututun ƙarfe ne da katako, fatarsa kuwa yadi. Yadi dai da kuka sani, wanda ake yankawa da almakashi. Wadda ta yanka shi ta ɗinka kuwa ita ce matar Kyaftin, wadda kowa a layinsu ke kira Tela, har 'ya'yanta idan sun ji haushinta.

Tela ba ta taso da burin jirgi ba. Ta gama sakandare da irin sakamakon da ba a nuna wa baƙi, aka kai ta wurin gwaggonta ta koyi keken ɗinki, kuma a kan keken nan ta yi furfura. Shagonta yana tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya, ɗaki ɗaya, keke biyu, tebur ɗin yanka, da madubi mai tsagewa a kusurwa wanda ke ƙara wa kowa ƙiba. Ɗinkinta ba laifi, amma ba da shi ta yi suna ba. Da sitaci ta yi suna. Matar nan ba ta iya ganin yadi a yamutse ta kau da kai. Kaya ba sa fita shagonta sai sun sha sitaci da guga, ko mai su ya so ko bai so ba. Da kanta take dama shi da garin rogo a wata babbar tukunya bayan shago, don ta ce na gwangwani ruwa ne aka sa wa turare. Mai aski ya rantse ya taɓa karɓar rigarsa a wurinta ya ajiye a ƙasa, rigar ta tsaya da kanta tana jiransa. Labulen gidanta idan iska ta kaɗa shi ƙara yake yi kamar kwanon rufi. Ita kanta takan ce da za a bar ta da gajimare, da ta goge shi.

Mijinta makanike ne. Ya yi ƙuruciyarsa a wani kamfanin feshin gonaki yana gyara injin jirage, kuma tun yana saurayi yake bin matuƙa yana wanke musu inji don su ɗauke shi sama. Da haka da haka ya koya, ya ƙuntata wa cikinsa har ya yi jarrabawa ya karɓi lasisin tuƙi. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Kyaftin don tsokana, ganin mai lasisi ba jirgi, kamar mai linzami ba doki. Da kamfanin ya durƙushe aka yi gwanjon tarkace, masu hankali suka kwashi tayoyi da tebura da fankoki. Shi kuwa sai ga shi a ƙofar gida a bayan babbar mota, yana riƙe da wani ƙwarangwal kamar mai rakiyar mara lafiya.

Tela ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta zagaya motar.

“Malam, wannan kuma gadon wa aka kwance?”

“Jirgi ne, Tela.”

“Jirgi? To ina sauransa?”

“Sauransa yana hannunki.”

Ta ce Allah ya sawwaƙe. Ta ce ko zare ɗaya ba za ta sa wa wannan shara ba, ta kuma faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su zama shaida. Maƙwabtan suna nan da ransu, har gobe suna tuna mata.

Injin ya zauna a tsakar gida a ƙarƙashin tamfol. Fukafukan kuwa ba su da wurin zuwa sai falo, aka rataye su a bango da rufi, baƙi na sunkuyawa kafin su kai ga kujera. A ƙarƙashinsu 'ya'yansu suka yi rarrafe, suka yi aikin makaranta, babbar har aka zo neman aurenta, dangin ango suna gaisuwa suna bugun kai. Tela ta mai da su wurin shanya. Ta riƙe rantsuwarta shekara da shekaru, har ranar da yadin da ya yi oda ya iso, ta shigo ta tarar da Kyaftin a durƙushe yana shirin yanka shi da almakashin yankan kwano, ya kuma shimfiɗa shi a karkace.

“Kai, tashi! Tashi nan kafin ka kashe ni. Wa ya ce maka haka ake kama yadi?”

Shi ke nan, ta shiga. Shi yana karanta mata littafin aikin, ita tana gardama da littafin, daga baya ta bi abin da ya ce. A manne bakin yadin da gam. A ɗauko doguwar allura da ta fi basilla, a soka ta sama ta ɓullo ƙasa, a ɗaure yadin a jikin kowane haƙarƙarin fiffike, ƙulli bayan ƙulli. Tana gefe ɗaya yana ɗaya gefen, ba sa ganin juna, ta tura masa allura ya turo mata. Ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa hira mai tsawo irin wannan ba, kuma duk ba ta wuce “karɓi” da “ja a hankali” ba. Amma abin da ya saye ta shi ne guga. Irin wannan yadin idan aka bi shi da dutsen guga ƙanƙancewa yake yi, ya ɗame, har a buga shi da yatsa ya amsa kamar ganga. Ranar da ta ga haka ta zauna daɓas a ƙasa ta ce ashe akwai yadi mai tarbiyya a duniya. Daga nan aka bi shi da wani fenti mai warin da ya kori ɓerayen gidan duka, shafi bayan shafi.

Sufeton jirage ya zo ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya haska fitila ta ciki, ya sa hannu. Aka kai jirgin filin ƙungiyar masu ƙananan jirage da ke bayan gari, wani fili mai ciyawa da babbar rumfar ajiya. Kyaftin ya shiga, farfela ta juya, abin da ya shekara yana shan shanyar zannuwa ya ruga a guje ya ɗaga sama. Tela tana tsaye ta rufe ido da mayafi, sai da aka ce mata ya sauka ta buɗe.

Daga ranar ta zama matar mai jirgi, kuma wannan suna bai taɓa sayo mata ko gishiri ba. Mai tumatir ya ƙara mata kuɗi. Masu kawo ɗinki suka fara cewa ai ke Hajiya nishaɗi kike yi da keken nan. Dangin da ba ta taɓa gani ba suka riƙa zuwa a rage musu hanya zuwa garuruwan da ko filin ƙwallo babu. Ita kuwa ga ta da silifas ɗin da ta ɗinke da zaren fiffike, don jirgi ba ya cin ciyawa, mai yake sha, kuma kowace shekara sai an duba lafiyarsa an duba ta matuƙinsa. Ba ta taɓa fasa mita ba. Ba ta kuma taɓa fasa tashi da sassafe ranar Asabar ta haɗa masa shayi a fulas ba.

Abu ɗaya ne ta ƙi. Ba ta taɓa hawa ba.

Kujerar baya tata ce, haka Kyaftin ya faɗa tun ranar farko. Ya ɗauki 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki mai aski wanda ya sauko yana kalmar shahada, ya ɗauki har surukinsa. Duk Asabar sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Tela, yau fa sama a kwance take.” Ita kuma ba ta rasa dalili: ɗinkin mutane, ciwon gwiwa, wanki, baƙuwar da ta ce za ta zo ba ta zo ba. Matar da ko kwan fitila ne ya mutu sai ta jira wani ya hau kujera.

Yayarta ce kaɗai ba ta raga mata. Ita yayar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, bakinta kuwa bai yi ba.

“Ke dai faɗi gaskiya, tsoro kike ji.”

“Ba tsoro ba ne, Yaya. Na san wadda ta ɗinka fiffiken ne.”

“Ai ke ce.”

“To shi ne. Riga nawa na ɗinka aka dawo min da ita ta yage a hammata? Mai riga dai sai ya rufe da hannu ya dawo shago. A can sama fa, wa zan mayar wa?”

“Wanzami ba ya son jarfa ke nan. Amma ɗan mutane kin yarda ya hau duk mako.”

“Shi ai ya yarda da ni. Ni ce na fi shi sanina.”

Haka aka yi ta tafiya har watan jiya. Akwai wata al'ada tsakaninsu: tun da idon Tela ya fara gajiya, Kyaftin ne ke zura mata zare a allura. Idan ya dawo da yamma ya biya shago, sai ta miƙa masa ba tare da ta ɗago ba, shi kuma ya zura a take yana taƙama da idon matuƙi. Ran nan ta miƙa masa, ta ci gaba da yanka. Ta gama hannun riga, ta gama wuya, ba ta ji an ce “karɓi” ba. Da ta juyo sai ta gan shi ya matsa bakin ƙofa wurin haske, yana lasar zaren yana sake gwadawa, zaren na wucewa ta gefe.

“Allurar ce ta toshe,” in ji shi.

“Kawo in gani.”

Bai kawo ba. Ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ya ce ya je wurin likita. Idon dama ya fara yana. Takardar lafiyar da yake tuƙi da ita za ta ƙare ƙarshen wata mai kamawa, kuma likitan ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ba zai sake sa masa hannu ba. Har zuwa lokacin dai yana iya tashi, da rana, idan gari ya yi garau. Bayan nan sai dai kallo daga ƙasa. Ya faɗa kamar yana ba da labarin wani, yana juya allurar a yatsunsa.

Tela ta ajiye almakashinta. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, “Shi ya sa jiya ka sa hula a baibai.” Can kuma ta ce, “Asabar ɗin nan zan hau. Amma wallahi idan ka karkata ni sai na rama a ƙasa.”

To, a nan ne kwamiti ya shigo labarin. Jirgin Kyaftin a da yana da kusurwarsa a cikin rumfa, can ƙurya bayan jiragen masu hali. Bara aka zaɓi sabon ciyaman, wani mai kantin magani da ke kuma ba da hayar kujeru da rumfunan taro. Bai daɗe ba ya gano cewa rumfar ta yi cunkoso, kuma cikin jirage duka wanda ya cunkushe ta shi ne mafi ƙanƙanta. Aka turo na Kyaftin waje aka ɗaure shi da igiya a turaku, wai na ɗan lokaci. Kusurwar kuwa aka cika ta da kujerun roba har rufi. Kyaftin mutum ne da ko an taka shi sai ya ba ƙafar haƙuri. Ya dai yi maganar shingen da ya kwanta a taro, aka ce an ji, za a duba. Tela da ta ga rana za ta cinye mata aiki, sai ta sayo yadin atamfa mai kauri ta ɗinka wa jirgin riga, daga hanci har wutsiya, da hannaye biyu na fukafukai da maɓallai a ƙasa.

Da ta sa ranar hawa, ba ta yi shiru ba. Ina! Macen da ta shekara ana mata dariya? Ta gaya wa Yaya, ta gaya wa mai aski, ta gaya wa duk wadda ta kawo ɗinki a makon, har waɗanda suka zo tambayar hanya. Ta ɗinka sabon kaya mai ɗaurin da iska ba za ta ɗauke ba. Ana jibi ta je filin duba wuri, sai idonta ya faɗa kan rigar jirgin. Rigar ta sha rana da ruwa, ta saki, ta yamutse kamar tsumman goge keke. Ta hango jama'arta tsaye, ga jiragen masu hali na ƙyalli a rumfa, ga nasu a cikin wannan abin kunya. Ta kwance rigar ta kai gida. Ta wanke. Ta ɗora babbar tukunya, ta dama sitaci irin wanda ba ta taɓa damawa ba, mai kauri har muciya na tsayawa. Ta tsoma, ta shanya, ta sake tsomawa don hannayen ba su yi mata ba. Ta yini tana guga. Ranar Juma'a da yamma ita da mai keken kaya suka kai rigar a miƙe kamar ƙofa, suka sa wa jirgin. Ya fito tsaf, kamar ango. Ba ta gaya wa Kyaftin ba, so take ya gani da idonsa, tun idon na gani.

Asabar da hantsi suka iso cikin motar haya, ita da shi da Yaya, jama'a na biye a baya. Tun daga ƙofa suka ga maigadin filin yana tsaye ya ɗora hannu a ka.

Rigar babu ita, sai maɓallai a warwatse a ciyawa. Fiffiken hagu ya koma yadda ya zo gidansu a bayan mota, haƙarƙari a waje, zare na reto. Na dama an yage masa wuri kamar faɗin tabarma. Ko'ina sawun kofato ne da yawu. Can nesa wata jar saniya da ta makara tana tsaye, wani ƙyalle na leƙowa daga bakinta, tana kallonsu ba ko kunya.

Gaskiya ɗaya ce, kuma Tela ba ta ɓoye ta: abin da ya fara zuwa zuciyarta shi ne alhamdu lillahi. Ta tsira daga hawa. Sai da ta juya ta ga mijinta ya je ya dafa haƙarƙarin fiffiken yana shafawa a hankali, yana tattara zaren da ke reto yana naɗewa a yatsa kamar zai yi wani amfani, sannan kunya ta rufe ta, kunyar kuma ta juye ta zama masifa. Ta ɗaure mayafi a ƙugu.

Aka kira Ciyaman, ya zo da tabarau da makullin mota a yatsa. Aka kira mai madara, ya zo a kan babur yana ba da haƙuri tun kafin ya kashe inji. Tela ta tare su ta wanke su tas. Ta yi maganar shinge, ta yi maganar kujeru, ta tambayi Ciyaman ko kujerun nasa lasisin tashi gare su. Jama'arta na bayanta suna “ƙwarai kuwa”. Ba ta taɓa jin daɗin bakinta irin na ranar ba.

Mai madara dai yana ta juya kai. “Hajiya, ni abin da ya ɗaure min kai, shanun nan sun fi wata nawa suna shigowa nan, ba su taɓa kula jirgin ba. Ga ciyawa har gwiwa. Me ya kai su?” Ya sunkuya ya tsinci wani guntun rigar da ya tsira. Ya lanƙwasa, ya ji ya karye kamar ƙanzo. Ya shinshina. Ya kai bakinsa ya ɗan lasa.

“Af! Wannan ai rogo ne.”

Ya sake lasa.

“Rogo ne wallahi. Da ɓawonsa nake musu kiwo. Waɗannan ko a cikin rijiya suka ji ƙanshinsa sai sun shiga. Sun cinye na sama, suka ji na ƙasa ma ya jiƙa da shi, suka zarce.”

Kowa ya juyo ya zuba wa Tela ido. Yaya ce ta fara magana, a hankali, irin muryar da take yi wa majinyata.

“Ƙanwata. Jirgin kika sa wa sitaci?”

“Rigarsa dai.”

“Jirgin sama. Sitaci.”

“Ya yamutse ne, Yaya!”

Mai aski ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ciyaman ya cire tabarau ya goge, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa bushara. “To Hajiya, ai magana ta ƙare. Kin dafa abinci kin ajiye a fili, baƙi sun ci. Sai mu ce Allah ya ba da lada.” Aka fashe da dariya, har da waɗanda ta biya wa kuɗin mota.

Aka watse, kowa ya kama hanya. Da suka shiga gida Tela ta wuce bayan ɗaki ta zauna kusa da tukunyar, wadda ko wanke ta ba ta yi ba. Ta jira Kyaftin ya zo ya yi faɗa. Shekara talatin da wani abu tana jiran ranar da mutumin nan zai ɗaga murya, ta ce yau kam ta samu. Ya zo ya tsaya, ya leƙa tukunyar, ya lakaci sauran da yatsa ya duba.

“Ya yi kauri kuwa.”

“Malam, ka zage ni mana in huta.”

“Ya yi kyau da kika sa masa?”

Ta share hanci da bakin zane. “Kamar ango.”

“Kash. Da na gani.” Ya zauna a kan bokitin da ke kife. “Bar shi, Tela. Dama ke ba so kike ba. Na sha sama, ta ishe ni.”

Da ya zage ta da ta samu abin ramawa. Wannan kuwa ba ta da inda za ta sa shi. Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta jawo akwatin ƙarƙashin gado inda sauran yadin jirgin yake a naɗe tun wancan lokaci, ta warware shi a falo ta bi shi da tef. Zai isa fiffike ɗaya da faci, idan ba a yi ɓarna ba. Doguwar allurar ma tana nan cikin gwangwanin maɓallai.

“Wa ya ce maka ba na so? Tsoro nake ji, ban ce ba na so ba. Tashi ka nemo gam.”

Ta rufe shago, ta mayar wa mutane yadinsu da haƙuri, waɗansu da zagi. Sai dai aikin ba ya yiwuwa a gida yanzu. Falon da ya ɗauki fukafukai a da an raba shi biyu da bulo tun da ɗansu ya yi aure. A fili kuma ba a shafa fentin nan, ƙura da rana za su ɓata shi, ga dutsen guga na son wuta. Wuri ɗaya ne ya dace, kusurwar nan ta cikin rumfa. Ta je kantin Ciyaman da ƙafarta, ta haɗiye girman kai, ta gaishe shi har da tambayar iyali. Ya ce wannan magana ce ta kwamiti, kwamiti kuma zai zauna bayan wata mai kamawa, a rubuto. Da za ta fita ya ce wa yaron kanti ya ba Hajiya kujera kada sitacinta ya karye.

Kafin kwamiti ya zauna kuwa takardar Kyaftin za ta mutu. Ciyaman ya sani, don a gabansa aka faɗa.

Yanzu haka fiffiken yana kan jarkoki a ƙarƙashin wata bishiya a bakin filin. Tela na gefe ɗaya da tabaran da ta saya a kasuwa, Kyaftin na ɗaya gefen, Yaya na zaune da sanda tana gadin shanu tana ba da shawarar da ba a tambaye ta ba. Zura zare ɗaya yakan ɗauke su su uku. Sun gama ƙulli, sun tsaya, don daga nan sai guga da fenti.

Saboda haka, ku 'yan kwamiti, ku saurara. Maganar sitaci an ji, ta amsa, gari duka ya yi dariya, ita ma ta yi. Ku ƙara wata idan ba ta ishe ku ba. Amma matar nan ta shekara talatin tana dama rogo a bayan shago, saniya ba ta taɓa cin rigar kowa ba, saboda shagon yana da ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku ta da shingen nan. Ku kwashe kujerun Ciyaman daga inda ba nasu ba, ku miƙa makullin rumfa a makon nan, ba bayan kun sha shayin taro ba. Ku kira sufeto ku gaya masa akwai fiffiken da zai duba kafin wata ya mutu, ku kuma aika masa mota ta ɗauko shi. Akwai dattijon da ya rage masa Asabar kaɗan a sama, akwai kuma matsoraciyar da ta ce za ta zauna a bayansa. Ba a san tsawon lokacin da ƙarfin halinta zai kai ba, ita ma ba ta sani ba. Ku buɗe rumfar.